Salla Babu Azumi

Wata shekara, ana saura kwana goma a yi Kirsimeti, ina zaune a ƙofar gida da hantsi ina shan rana saboda sanyin hunturu, sai ga maƙwabcina ya fito, wani dattijo Musulmi wanda katanga ɗaya ce ta raba gidana da nasa shekaru da yawa. Muka gaisa, ya zauna a bakin tabarma. Yaran unguwa suna ta wucewa da ƙunshin yadi za su wurin tela, mata kuma suna shiga gida suna fita da turamen atamfa. Ya yi ta kallo, can sai ya ce, "Malam, in tambaye ka mana. Na ga sallarku ta ƙarato. To, ku yaushe kuke yin azuminta?" Na yi dariya, na shiga yi masa bayani cewa mu ba a ɗora mana azumi na dole ba, ceton da muka samu kyauta ce daga wurin Allah, ba da yunwa muka saye shi ba. Ya gyaɗa kai, ya ce, "Ashe taku mai sauƙi ce. Salla babu azumi." Ba da ba'a ya faɗa ba, abin da idonsa ya gani ke nan. Ya sa takalmansa ya tafi, ya bar ni da maganar a maƙogwaro kamar ƙayar kifi.

Amsar da na ba shi gaskiya ce, har gobe kuma ba zan janye ta ba. Amma na sani, shi ma ya sani, ba ta amsa tambayarsa ba. Abin da yake tambaya shi ne, da me kuke shirya kanku? In kuwa za a bi gidajenmu da majami'unmu daga Dogon Dutsi har Damagaram cikin watan Disamba a rubuta abin da aka gani, za a iske muna shiri da tela, da mai shinkafa, da mai kitso, da mai ba da bashi. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ke nan. Na san akwai waɗanda za su ji haushi, har da abokaina na kusa da dattawan da nake girmamawa. Su yi mini haƙuri. Ranar wanka ba a ɓoye cibi, ni ma kuma ina cikin waɗanda nake tuhuma.

'Yan'uwa, bari mu duba yadda watan yake tafiya a wurinmu. Tun Nuwamba ba ta ƙare ba an riga an fid da anko. Zumuntar mata da nata, mawaƙa da nasu, matasa da nasu. Ranar Lahadi sanarwa takan fi wa'azi tsawo: wa bai kawo kuɗin zane ba, wa ake bi kuɗin sa, wa zai ɗauko amsa-kuwwa, wa zai nemo man injin wuta. Ana kafa kwamitin abinci, da kwamitin tarbar baƙi, da kwamitin wasan kwaikwayo. A wasan nan kuwa, in kun lura, kowane yaro so yake a ba shi Hirudus, gama shi ne mai rawani da tsawa, shi ake yi wa tafi. Yusufu sai da lallashi ake samun mai yi. Cikin dukan kwamitocin nan ban taɓa jin an kafa na sulhunta waɗanda ba sa ga maciji da juna ba, ko na bincika gidajen da rumbunsu ba zai kai su bazara ba. Taron addu'a na tsakiyar mako, wanda dā ma ba cika yake yi ba, cikin Disamba sai ka iske tsofaffin mata huɗu ko biyar da mai bishara, sauran suna wurin gwajin waƙa ko a layin tela.

Na san wani tela mai bi, mutum mai tsoron Allah, wanda duk shekara ba ya fashin sujada. Cikin Disamba kuwa ba a ganinsa ko Lahadi ɗaya. Yana kan keke dare da rana, idonsa ja wur. Wa ya hana shi zuwa? Mu ne, da muke tsaye a kansa muna cewa in bai gama namu ba ba za mu ƙara kawo masa ɗinki ba. Wata safiyar Kirsimeti ya zo ya zauna a bencin baya, kafin a gama karatun fari barci ya kwashe shi har da minshari. Jama'a suka yi ta dariya, dukansu cikin ɗinkinsa, rabinsu kuma ba su biya shi ladansa ba.

Amma abin da ya fi ci mini rai ba a majami'a yake faruwa ba, a bakin rumbu ne. Yawancinmu manoma ne ko 'ya'yan manoma, mun kuma san yadda kasuwar hatsi take. Da kaka, sa'ad da kowa yake da shi, tiya ba ta da daraja. Daga bazara zuwa tsakiyar damina, sa'ad da rumbuna suka yi ƙasa, ga kuma aikin gona yana neman ƙarfi, a lokacin ne take tashi. Kirsimeti tana faɗuwa ne wata biyu ko uku bayan girbi. Sai mai gida ya buɗe rumbu ya fid da dammuna, a sussuke, a kai kasuwa a sayar da arha domin a sayi atamfa da shadda da buhun shinkafa. Ɗan kasuwa ya saya ya adana. Watan Yuni ya yi, mai gidan nan ya koma wurin ɗan kasuwan nan ya sayi hatsinsa na dā da tsada, ko kuwa ya karɓa bashi a kan amfanin da bai ko tsiro ba. Zanen yana cikin akwati, yara suna shan ruwa-ruwan kunu. Mutanen jihar Maraɗi da suka ga 2005 ba sa bukatar a ba su labari: a shekarar nan akwai hatsi a kasuwa, amma talaka ba shi da abin saye, yara kuma suka cika wuraren jinyar tamowa. Kirsimetin 2023 ma ta same mu iyakoki a rufe bayan juyin mulkin watan Yuli, shinkafar da ake shigowa da ita ta yi tsadar da ba a saba gani ba. Na zaci shekarar nan za mu dafa tuwon hatsinmu mu gode wa Allah. Ina! Da yawa suka ƙara yawan dammunan da suka fitar, domin kada a ce gidan wane ba a dafa shinkafa ba.

Wannan ba rashin dabara kaɗai ba ne. Mutumin da ya ɗauki abincin 'ya'yansa na damina ya sayi yabon mutane na yini ɗaya ya yi zunubi, ya kuma yi shi da sunan haihuwar Almasihu.

To, me nake so a yi? So nake mu komo ga abin da ikilisiya ta sani tun dā, wato a keɓe makonni huɗun da suke gaban Kirsimeti su zama kwanakin jira da tuba. Sunan lokacin nan Adben, daga kalmar Latin mai ma'anar zuwa. Yana farawa Lahadi ta huɗu kafin 25 ga Disamba, wadda takan faɗo tsakanin 27 ga Nuwamba da 3 ga Disamba. Zuwa biyu ake tunawa a cikinsa: zuwan Ubangiji na fari a Baitalami, da komowarsa domin ya yi wa rayayyu da matattu shari'a. Na biyun nan ne muka fi mantawa, gama jariri a komin dabbobi ba ya tsoratar da kowa.

Da na faɗi haka a wani taron dattawa, wani ɗan'uwa ya tare ni ya ce, "Wannan ai al'adar 'yan Katolika ce, mu mutanen Littafi ne." Na sha jin maganar nan, ya kamata kuma a amsa ta da kyau. A shekara ta 380 shugabannin ikilisiya suka taru a birnin Saragosa na ƙasar Sifen, suka umarci masu bi kada su ƙaurace wa majami'a daga 17 ga Disamba har 6 ga Janairu. Wajen ƙarshen ƙarni na 5 bishop ɗin birnin Tur, a ƙasar da yanzu ake kira Faransa, mai suna Perpetuwus, ya kafa azumin kwana uku a kowane mako daga 11 ga Nuwamba har Kirsimeti. Duk wannan ya faru sama da shekara dubu kafin 1517, sa'ad da Martin Luta ya ta da gyaran ikilisiya. A zamanin nan ba a san wani abu wai shi Katolika da Furotesta ba, saboda haka gādon na gidan duka ne, ba na ɗaki ɗaya ba. Bayan gyaran ma Lutaran ba su yar da shi ba, Angilikan ma haka, har yau kuma 'yan'uwanmu na waɗannan ikilisiyoyi a Ngaundare da Numan da Wusasa suna kiyaye shi. Kyandir ɗin nan da ake kunnawa ɗaya bayan ɗaya ma, wani malamin Lutaran ne ya fara shi a birnin Hambug na Jamus a 1839, mai suna Yohan Hinrik Wishan. Yana riƙon yaran talakawa a wani gida, suka dame shi da tambayar yaushe Kirsimeti za ta zo, sai ya ɗauki tsohuwar ƙafar amalanke ya jera mata kyandirori, ƙanana domin ranakun mako, manya huɗu domin ranakun Lahadi.

In kuma muna son misali daga nahiyarmu, ga Kibɗawan Masar, waɗanda su ma 'yan tsiraru ne a tsakiyar Musulmi kamar mu. Suna azumin kwana 43 daga 25 ga Nuwamba, ba nama, ba madara, ba ƙwai, kafin su yi bikin haihuwar Ubangiji ranar 7 ga Janairu. Ikilisiyar Habasha ma haka take yi. Da maƙwabcina a Alƙahira yake zaune, da bai yi wannan tambaya ba.

Me ya sa mu ba mu gāji wannan ba? Masu bisharar mishan na SIM, waɗanda suka fara aiki a Damagaram a 1924, suka zauna a Tsibiri, suka buɗe asibitin Galmi a 1950, da yawansu sun fito ne daga ikilisiyoyin Amurka da Kanada waɗanda ba sa bin kalandar ikilisiya, sai dai Kirsimeti da Ista. Suna tsoron kada al'ada ta maye gurbin bangaskiya, kada sabon mai bi ya bar wani azumin dole ya shiga wani. Tsoron nan yana da hujja, ba na kuwa raina mutanen da suka bar ƙasashensu, waɗansunsu suka bar ƙasusuwansu a nan. Amma sun bar mana fili ba shuka, kowane manomi kuma ya san gonar da ba a shuka ba ba ta zama haka nan, ƙarangiya ce take cinye ta. Mun guje wa kalandar ikilisiya, sai kasuwa ta ba mu tata, muna kuwa binta da biyayyar da ba mu taɓa yi wa wani bishop ba.

Akwai wata hujja kuma, wadda ta fi ta fari nauyi, ba a kuwa cika faɗinta a fili ba. Wata uwa a zumuntar mata ce ta faɗa mini ita ba kunya. Ta ce, "Baba, mu 'yan kaɗan ne a garin nan. Duk shekara muna kallon sallarsu sau biyu, 'ya'yanmu suna kallon sababbin kayan 'ya'yansu. Rana ɗaya tak muke da ita. In ba mu fito fes ba, sai a ce addinin matsiyata ne." Ban yi mata dariya ba. Kirista a Nijar ba mu kai kashi 2 cikin 100 ba, iyayenmu kuma sun sha gori, an ce da su 'yan mishan, an ce don magani da tsumma suka bi Nasara. Wanda aka raina yana da marmarin ya ɗaga kai ko da rana ɗaya ce. Aika wa maƙwabta abinci ranar Kirsimeti, kamar yadda suke aiko mana da nama ranar layya, abu ne mai kyau ƙwarai, kada mu bari.

Amma ina roƙonki, uwata, ki yi tunani a kan wannan. Wa ya ba mu atamfar bashi? Ba maƙwabcin nan da muke so mu burge ba ne? Sa'ad da muke wucewa ta gaban shagonsa cikin jerin gwano muna waƙa, shi ba ado yake gani ba, littafinsa yake tunawa: wancan zane jika kaza, wancan ma ba a biya ba. Zanen aro ba ya rufe katara. Watan Fabrairu ya zo, ya aiko yaro, a ce mai gida ba ya nan, alhali yana cikin ɗaka. Watan Afrilu mai gida ya sake hanyar zuwa kasuwa. Ranar da mai bishara zai tsaya a gaban mai shagon nan ya yi masa zancen Yesu, wace fuska zai kai? Sau nawa aka rufe wa bishara ƙofa a garuruwanmu, ba domin gardamar malamai ba, sai domin jika biyar da wani mai bi ya cinye?

Mu kuma duba gidan da aka haifi Ubangijinmu a ciki. A Littafin Firistoci sura 12 Shari'a ta ce macen da ta haihu ta kawo ɗan rago bana ɗaya domin tsarkakewarta, amma in ba ta da hali, ta kawo tsuntsaye biyu, kurciyoyi ko 'yan shila. Luka ya gaya mana a sura 2 cewa tsuntsayen ne Yusufu da Maryamu suka kai Haikali. Wato sun shiga layin talakawa a gaban kowa. Yusufu zuriyar sarki Dawuda ne, ya kuma san ko wane ne jaririn da yake hannunsa, gama mala'ika ya faɗa masa. In da akwai ɗan da ya cancanci a ci bashin rago dominsa, ai wannan ne. Bai ci ba. Ya kai abin da hannunsa ya iya, Allah kuma ya karɓa. A ranar nan, cikin dukan taron Haikali, waɗanda suka gane yaron su ne Saminu, tsohon da ya yi shekaru yana jira, da Hannatu, tsohuwar gwauruwa wadda ba ta rabuwa da azumi da addu'a. Masu jira ne suka gane shi, sauran suka wuce shi kamar kowane ɗan ƙauye.

Sai hujja ta uku, wadda ni kaina na ba maƙwabcina: mu 'ya'yan alheri ne, ba na ayyuka ba. Hakika. Ba wanda zai ƙara wa gicciye kome da yunwarsa, duk wanda kuma ya koya muku cewa azumi yana sayen gafara, ku guje shi. Amma tun yaushe alheri ya zama dalilin sakaci? In aka aiko cewa sarki zai sauka a ƙauyenmu, ba mu ne muka saye shi ba, don kansa ya ga dama. Duk da haka mai gari yakan sa a yi shela, a share hanya, a cike ramuka, a kau da juji. Hoton da annabi Ishaya ya zana ke nan a sura 40, shi ne kuma aikin da aka aiko Yahaya Mai Baftisma ya yi. Dukan marubutan Bishara huɗu sun sa Yahaya a gaban hidimar Yesu. Markus da Yahaya ba su ba da labarin komin dabbobi ba, amma ba wanda ya tsallake mutumin jeji mai rigar gashin raƙumi. Mu kuwa mun tsallake shi. A wasan kwaikwayonmu akwai makiyaya, akwai masana taurari, har jaki akwai, amma ban taɓa ganin an ba wani yaro Yahaya ba.

Ina tsammani na san dalili. Ku karanta Luka sura 3 ku ga abin da ya ce sa'ad da mutane suka tambaye shi abin da za su yi. Bai aike su su ƙara waƙa ba, bai ma ce su yi azumi ba. Mai riga biyu ya ce ya ba marar ita ɗaya, mai abinci ma haka. Masu karɓar haraji ya hana su ƙari a kan abin da aka yanka. Sojoji ya hana su ƙwace da ƙazafi, ya ce albashinsu ya ishe su. Duk maganar aljihu ce da rumbu da akwati. A watan da muke ɗinka riga ta biyar, wa yake so a karanta masa zancen riga biyu?

Saboda haka shirin da nake kira a yi daga nan zai fara. Kafin ka kai yadi wurin tela, ka zauna ka lissafta waɗanda suke binka. 'Yan ƙwadagon da suka yi maka girbi, an sallame su? Yakubu a sura 5 ya ce ladan masu girbi da aka danne yana kuka, kukan kuma yana kai wa kunnen Ubangiji. Yarinyar da take yi wa uwargida aiki, wata nawa take bi? Kai ma'aikacin gwamnati, kai ɗan sanda ko ɗan duwan mai bi, wanda ka san Disamba watan matsa wa matafiya ne domin a sami na salla, Yahaya da kai yake magana, ba da wani ba. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, ba kuwa abin kunya ba ne mutum ya kāsa biya gaba ɗaya. Abin kunya shi ne ya sa sabuwar shadda ya wuce ta gaban mai binsa. In ba za ka iya biya duka ba, ka tafi da ƙafarka ka kai abin da ya samu, ka roƙi lokaci.

Bayan bashin kuɗi sai na zuciya, wanda ya fi wuyar biya. Ubangiji ya koya mana a Matiyu sura 5 cewa wanda ya kawo baiko ya kuma tuna ɗan'uwansa yana da magana a kansa, ya ajiye baikon tukuna ya je su shirya. Mun san ayar da ka. Amma a majami'u nawa ne akwai gidaje biyu da suka yi shekaru ba sa gaisawa saboda iyakar gona, ko auren da aka fasa, ko zaɓen dattijo, suna kuwa cin Jibin Ubangiji a layi ɗaya, matansu cikin anko ɗaya? Zane iri ɗaya, zuciya dabam dabam. Mu da muke manya mun tuna yadda ikilisiyarmu ta bishara a ƙasar nan ta tsage wajen 1990, har aka sami 'yan'uwa ciki ɗaya kowa da majami'arsa. Yaran da aka haifa bayan haka sun girma sun yi 'ya'ya, waɗansunsu sun gāji gabar da ba su san mafarinta ba. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Makonni huɗu sun isa mutum ya taka zuwa ƙofar da ya daɗe yana kauce wa, ya yi sallama. Ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda yake jira sai safiyar 25 ga wata ya miƙa hannu a bakin majami'a a ce an shirya, wasan kwaikwayo ne kawai ya ƙara.

Azumin kuwa, ban ce a kafa doka ba, ba ni da wannan iko, ba na kuma sonsa. Mai ciki da mai shayarwa da marar lafiya da yara ba su ciki. Amma mai lafiya ya zaɓi yini ɗaya ko biyu a mako ya bar abinci domin addu'a, a auna tiyar da za a ci a ranar a ajiye gefe, kafin Kirsimeti a kai wa gwauruwa ko marayu a ɓoye, ba tare da an kira suna a majami'a ba. Maƙwabtanmu suna fid da zakkar kono kafin su tafi idi domin talaka ma ya ci a ranar salla. Abin kunya ne a ce mu da muke wa'azin Allah wanda ya zama matalauci dominmu ba mu da ko kwatankwacin wannan. Da dare kuma, bayan tuwo, a kashe rediyo, a ajiye waya, mai gida ya buɗe Littafi ya karanta wa iyali kaɗan kaɗan daga Ishaya da Mika da Malakai, da surori biyu na farkon Luka. Tun 1932 muke da Littafi Mai Tsarki cikakke da Hausa. Wanda bai iya karatu ba, ɗansa ɗan lakwal ya karanta masa.

Yanzu bari in juya wurin fastoci da dattawa, gama in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Jama'a ba su ƙirƙiro wannan hali su kaɗai ba. Mu ne muke tsayawa a bagade mu kira suna mu faɗi abin da kowa ya bayar, har talaka ya ci bashi domin kada ya ji kunya. Mu ne muka cika Disamba da baiko na musamman iri iri. Mu ne muke jin tsoron wa'azin tuba a watan, wai kada a ɓata wa mutane murna, alhali tsoronmu na gaskiya kada kwanon baiko ya yi sauƙi. Na san halin da masu bishara na ƙauye suke ciki. Da yawa albashinsu ba ya zuwa a kan kari, ɗan abin da ake kawo musu a Kirsimeti shi ne rufin asirinsu. To, wannan ma laifin ikilisiya ne. Ikilisiyar da mai bishararta yake binta albashin wata uku ba ta da ikon sayen sa. A biya shi tukuna, sa'an nan a ga abin da ya rage, ko da akuya ce.

Wani zai ce, yara fa? Ba wanda ya ce a hana yaro sabuwar riga in akwai hali, ko a hana kiɗa da rawa da nama ranar bikin. Ni ma ina son shinkafa. Yaron da ya yi makonni huɗu yana ƙirga kwanaki, yana jin labarin annabawa, ya raka uwarsa kai hatsi gidan gwauruwa, murnarsa a ranar ta fi ta wanda aka jefa wa riga kawai. Matasanmu da suke kwana a mashaya daren 24 ga wata, har mutanen gari suna ɗaukar Kirsimeti sallar giya ce, yaran jiya ne waɗanda aka koya musu cewa bikin na ciki ne da jiki.

Akwai abin da ba na so in taɓa, amma dole. Ranar 16 ga Janairu 2015 a Damagaram, da kashegari a Yamai, aka ƙone majami'u da yawa da gidajen masu bi da makarantu, aka kuma rasa rayuka. Kwana 22 ke nan bayan Kirsimeti. Anko bai ko koɗe ba, wani ma yana cikin akwatin da ya ƙone. A ranakun nan ba wanda zane ya tsayar. Waɗanda suka taru a cikin toka ranar Lahadi suka yi sujada, waɗanda suka iya buɗe baki suka ce sun gafarta, daga wani rumbu dabam suka ɗebo, wanda aka cika tun kafin ranar. Akwai kuma Musulmin da suka ɓoye maƙwabtansu Kirista a gidajensu, ba kuwa domin sun taɓa ganinsu cikin shadda ba, sai domin zaman amana na shekaru. Ba na fatan mu sake ganin irin wannan rana. Amma Ubangiji bai yi mana alkawarin za a aiko mana da sanarwa ba, ko a kan wahala, ko a kan komowarsa. A misalin 'yan mata goma na Matiyu sura 25, dukansu an gayyace su biki, dukansu suna da fitila, dukansu ma sun yi barci. Mai ne ya raba su.

Bana na tara iyalina tun farkon Nuwamba na ce ba za a buɗe rumbu domin zane ba, kowa ya wanke na bara. Na yi jawabi mai tsawo, har da Yahaya da riga biyu. Uwargida ba ta ce uffan ba, kwana biyu gaisuwa kaɗai take haɗa mu. A rana ta uku ta kawo mini fura, ta ajiye, ta ce ta yarda, amma tun da lissafi ake yi, mai amalanken da ya kwaso mana dammuna daga gona ya zo sau biyu ina barci, ƙanena kuma da muka yi cacar baki a kan gonar gado tun bara waccan, matarsa ta haihu, ban je barka ba. Mai amalanke na sallame shi a ranar. Gidan ƙanena tafiyar rabin yini ce a babur, na sa ranar Asabar.